Allon Gadarmu da Tankin Maman 'Yan Biyu

Ga wata nan na ɗauko muku, 'ya'yana da jikokina masu karanta wannan shafi. Na san daga inda kuke zaune kun ce ta zo ku ji ta. To ku matso, amma ku bar ni in miƙe ƙafa tukuna, don tun da hantsi nake tsaye a layin mai da 'yar jarkata. Sai da layi ya kusa kawowa kaina mai zuba man ya rataye bututu ya ce ya ƙare. Na sa masa albarka, na ce ya gaishe mini da masu girman da suka faɗa a rediyo cewa mai ya wadata har ya yi yawa. Wataƙila a cikin rediyon suka zuba shi. A hanyar dawowa na bi ta ƙarƙashin gadarmu, na ɗaga kai na ga allon da ke goshinta, sai dariya ta kama ni ni kaɗai a titi da jarka wayam a hannu. Labarin allon nan zan ba ku.

Unguwarmu tana bayan layin dogo. Duk abin da ke da taya, in zai shigo mana, sai ya sunkuya ta ƙarƙashin gadar jirgi, babu wata hanya. A goshin gadar akwai allo mai gaya wa direbobi tsayinta. Maƙwabcina Mai Fenti ne ya rubuta shi tun yana da baƙin gashi, kuma duk sanda rana ta cinye rubutun, shi yake hawa tsani ya sabunta. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidansa, katangar kuma ba ta kai kafaɗata ba, saboda haka kada wani ya tambaye ni inda na samo zance.

Mai Fenti mutum ne mai ji da hannunsa. Baƙaƙensa ba sa tsayuwa kamar na kowa. Ɗan kishingiɗa suke yi zuwa dama, kowanne da inuwarsa a baya da 'yar jelarsa a ƙasa, ta yadda ko daga nesa ka hango shagon aski ka san wa ya rubuta allon. A na gada ya zana uku da ɗigo takwas, ya manna musu wani ƙaton M mai buɗaɗɗun ƙafafu, ya rufe da aya, don a ganinsa duk maganar da aka buɗe ya kamata a rufe ta.

Matarsa kuwa, Maman 'Yan Biyu, gwiwoyinta ne suka gaji kafin ita. Famfon gidansu irin namu ne, baƙo mai zuwa ba sallama ya tafi ba bankwana. In ya zo sai ta cika bokiti da tukwane har da butar shayi. In waɗannan suka ƙare, sai ta ɗauki bokiti ta tsallaka gada zuwa rijiyar burtsatse, ta dawo tana tafe tana hutawa, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure. Autarsu, wadda take aikin jinya a wani gari, ta zo ta ga haka, ta koma bakin aikinta. Sai ga waya: ta saya wa uwarta tankin ruwa, baƙi, ƙato, irin wanda mutum zai iya shiga ya miƙe tsaye, kuma motar kamfani za ta kawo shi har ƙofar gida. In famfo ya zo a cika shi, an huta da tsallaka gada. Mai Fenti ya gina masa dakali kusa da famfo da hannunsa, har ya ɓalle ƙyauren ƙofar gida ya jingine don tanki ya samu hanya.

Ranar da za a kawo shi, Maman 'Yan Biyu ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta ɗaura zanen fita unguwa. Da hantsi sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin gada, mutum biyu suka kafa tsani suka soma kwance allo. Labari ya iske Mai Fenti yana dama fenti, ya fito da sauri da fensir a bayan kunne.

"Sannunku da aiki, samari. Lafiya kuke sauke mini allo?"

Wani mai laƙtaye ɗaure a wuya da ke riƙe da ƙafar tsani ya dube shi. "Baba, kai ne marubucin?"

"Ni ne, tun ba a haife ka ba."

"To tun ba a haife ni ba ake kuskure. Daga Kwamitin Tsabtace Rubutun Awo muke. Duk allon da aka rubuta mita ko kilo ko lita ba bisa ƙa'ida ba, saukewa muke. Ka zo ofis a nuna maka yadda ake yi."

"Kafin nan direbobi su karanta me?"

"Gara su rasa abin karantawa da su karanta kuskure, Baba."

Suka jefa allo a bayan mota suka tafi. Bayan azahar motar kamfani ta iso, tanki na tsaye a bayanta an ɗaure shi da igiyoyi, yana ƙyalli. Maman 'Yan Biyu na hango shi ta ƙarƙashin gada daga ɓangarenmu, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, kin gan shi? Ashe haka yake da girma." Direban, wani dogo mai tawul a wuya, ya sauko ya ɗaga kai, ya ga ƙusoshi kawai.

"Baba, ina tsayin gadar nan?"

"Uku da ɗigo takwas, ɗana. Ni nake rubuta shi, na haddace."

"Na yarda da kai, Baba, amma kamfani bai san baki ba, allo ya sani. Gadar da ba allo ba na shiga. In na shiga wani abu ya faru, kafin in kashe mota an sallame ni."

Maman 'Yan Biyu ta tsallako tana ɗingishi. "To sauke mana shi a nan, ɗan nan."

"Mama, a ƙofar gida aka ce in sauke. Ran da allo ya hau, ki sa a kira ni, ko ina nake zan zo."

Ya ja da baya, ya juya, tanki ya bi shi. Ta tsaya tana kallo har ya sha kwana, sannan ta koma gida ta sauya zane ta ɗauki bokiti.

Washegari Mai Fenti ya sa rigarsa marar ɗigon fenti, wadda ita kaɗai ce, ya nufi ofis. Ya tarar ba shi kaɗai aka yi wa ba. A baranda an jera alluna kamar masu laifi: na mai nama da ya rubuta kilo da babban K, na mai yadi, na mai sayar da madara da ya ƙara wa lita jela har uku don ta yi kyau. Masu allunan na zaune a benci, kowa ya rungume haƙuri. A ciki akwai fanka da ba ta juyawa, da tebur da yawa, da mutane kaɗan.

Wata jami'a mai tabarau ta karɓe shi, kuma in faɗi gaskiya, ita ta yi masa bayani da ladabi. Ta ce alamar mita ƙaramin baƙi ce a ko'ina cikin duniya, don direban da ya fito daga kowace ƙasa ya gani ya gane ba sai ya ji yaren gari ba. Babban baƙin kuwa wani abu daban yake nufi. Ta ce ba a sa mata aya, don alama ce, ba magana ba ce da aka gutsure. Mai Fenti ya gyaɗa kai. Ni ma da ya ba mu labari na ce maganar tana da kai, ba zan ƙi gaskiya don ta fito daga ofis ba. Da a nan aka tsaya, da yau ba ku da abin karantawa.

Ya dawo gida ya samo sabon katako, ya shafe shi da ruwan ɗorawa, ya rubuta da baƙin fenti, ƙaramin baƙi, babu aya. Ya saɓa a kafaɗa ya koma. Jami'ar ba ta nan, ta tafi taron ƙara wa juna sani. Wanda ya tarar shi ne wani mai tumbi da muka naɗa wa sarautar Magajin Miƙewa. Ya riƙe allo nesa da fuska ya karkata kai.

"Dattijo, me ya sami baƙaƙen nan? Ciwon baya suke yi?"

"Ranka ya daɗe, salon hannuna ne."

"Alamar awo a tsaye take, ƙyam, kamar soja. Ba ta jingina, ba ta da inuwa, ba ta da jela. Wannan inuwar ta mece ce? Rana ce a cikin allon?"

Wannan ta yi wa Mai Fenti ciwo fiye da sauke allon. Ya dawo ya zauna a dakalin tanki, wanda ya zama kujerarsa tun da babu tanki. Matarsa ta shigo da bokiti ta dire, ta dafa bango tana mayar da numfashi.

"Malam, yau kuma me suka ce?"

"Wai in yanke wa baƙaƙena jela."

"To ka yanke mana."

"Ke ba ki san abin da ake nufi da hannu ba. Shekara da shekaru ana gane ni da jelar nan."

"Ni ma ana gane ni da bokitin nan. Ka yanke, Malam. In tanki ya zo ka zana masa jela har ƙasa, ba mai hana ka."

Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, ya tashi ya ɗauko buroshi. Na leƙa ta katanga na ga yana ja wa baƙaƙe layi da rula, fuskarsa kamar mai yi wa ɗansa aski da dole. Da safe kuma, abin da ban taɓa gani ba tun da muke maƙwabtaka, sai ga shi ya riga ta ɗaukar bokiti. Ya tafi rijiya da ƙwarin gwiwa, ya dawo da rabin ruwa a bokiti, rabi a wando. Ta dube shi ta ce, "Sannu, Malam. Titin ma ya gode, ya daɗe bai sha ba." Amma ya ci gaba da zuwa, ita kuma ta ci gaba da bin bayansa da nata bokitin, don abin da yake kawowa ko wanke-wanke ba ya isa. Ga ƙofa ba ƙyaure, awakin unguwa suna shiga suna duba lafiyar shanya.

Da ya koma da miƙaƙƙun baƙaƙe, Magajin Miƙewa ya yaba, ya ce shi dai ya gama nasa, saura tazara. Ashe tsakanin lamba da alama dole a bar fili, kada su manne kamar fasinjojin motar haya. Wannan kuwa ba hurumin kowa ba ne sai shugaban kwamiti da kansa, wanda muke kira Mai Girma Sarkin Tazara, Allah ya ƙara masa faɗi. Sarkin ya yi tafiya ƙasar waje don ya ga yadda suke barin fili a can. Wazirinsa ne a kujera, wani siriri mai yawan tari.

"Waziri, ranka ya daɗe, filin nan kamar yaya faɗinsa? A gaya mini da santimita in auna."

Waziri ya yi tari. Ya buɗe aljihun tebur ya rufe. Sannan ya ɗora babban yatsansa a kan allo tsakanin takwas da baƙin ya ce, "Kamar haka."

Ku ji fa, jikokina. Ofishin da aka kafa don awo, da motoci da tsani da laƙtaye, da babban yatsa yake auna tazara. Ni da ban yi boko mai zurfi ba, ko yadi zan saya sai na ga an ɗora tef.

Mai Fenti ya zana gefen yatsan Waziri da fensir, ya koma gida ya shafe ya sake. Ya dawo ya tarar Sarkin Tazara ya sauka daga jirgi, ya ƙara haske da ƙiba. Aka shigar da allo. Sarki ya ɗora nasa yatsan, wanda ya yi biyun na Waziri, yatsan ya hau kan takwas ya danne rabin baƙin.

"Wa ya ce maka wannan tazara ce? Wannan ai matsi ne."

"Waziri ne ya auna, ranka ya daɗe."

Waziri, da ke tsaye a gefe, ya ce shi bai tuna ba, kuma tari ya taso masa.

Aka sake. Da aka kawo, Sarki ya tafi gaisuwar wani babba, Waziri ya ɗora nasa siririn ya ce fili ya yi yawa, har akuya za ta iya kwana a ciki. Haka allon nan ya yi ta kumbura yana motsewa gwargwadon wanda ke kan kujera. Fenti ya hau kan fenti har katakon ya ƙara nauyi. Mai nama, da suka saba a benci, ya ce wa Mai Fenti shi ya haƙura, yanzu da baki yake gaya wa mutane kilo. Mai Fenti ya ce shi ba zai iya ba, direba ba ya karɓar baki. Auta kuma kullum tana waya tana tambaya ko ruwan tanki yana da sanyi, uwar tana ce mata, "Sanyi ƙalau, 'yar nan," don kada ta tayar mata da hankali a wurin aiki.

Abin da ya raba gardamar ba dabara ba ce, gaggawa ce. Wata safiya masinjan ofis ya aiko cewa Sarki yana nan amma zai fita kafin azahar. Mai Fenti ya gama shafa ke nan, bai jira ya bushe ba, ya riƙe allo ta gefe-gefe ya ruga. Ya tare Sarki a bakin ƙofa ana buɗe masa mota. Sarki ya ɗora yatsa, ya zauna daram tsakanin lamba da baƙi. Da ya ɗaga, sai ga yatsa ya yi ruwan ɗorawa, ga kuma shatinsa a fenti, da zanensa da komai.

Mai Fenti ya soma neman inda zai sa kansa. Sarki ya dubi yatsa, ya dubi allo, ya ga hatiminsa na haihuwa zaune a tsakiya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan ita ce tazara." Waziri ya matso ya duba ya ce lallai bai taɓa ganin tazara mai kyan wannan ba, dama abin da yake ta nufi ke nan. Wa zai ce yatsan shugaba bai yi daidai da yatsan shugaba ba?

Sarki ya ji daɗin abin har ya ce ba za a rataya allon nan a ɓoye ba, sai an yi taro, don jama'a su ga amfanin kwamiti. Da ya ji akwai motar da ke jira, ya ce madalla, ita za ta fara wucewa a gaban masu ɗaukar hoto.

Ranar taro aka kafa rumfa a bakin gada, aka jera kujerun roba, aka kawo lasifika mai shaƙewa. Allo ya hau, ga shi nan kowa na gani: 3.8 m, a tsaye, tsaf, babu jela babu aya. Mai Fenti na kallonsa kamar ɗan da aka yi wa riƙo a wani gida, nasa ne amma bai yi kama da shi ba. Sarki ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ƙasashen da suka ci gaba suka fara da barin fili. Muka tafa, don rana ta yi zafi kuma tafi yana gajarta jawabi. Ni da Maman 'Yan Biyu muna tsaye a gaba, ta sake ɗaura zanen nan na fita unguwa.

Direba ya zo da tanki. Ya sauko ya karanta allo da ƙarfi, ya ce kayansa uku da ɗigo shida ne daga ƙasa zuwa murfi, ya auna da kansa kafin ya taso, akwai sauran fili. Ya shiga ya tayar, ya taho a hankali yana ɗaga wa masu hoto hannu. Kan mota ya shige. Sai muka ji wani gurnani mai tsawo, kamar ana jan tebur a kan siminti. Motar ta tsaya cak. Kafaɗar tanki ta cije a goshin gada, daidai ƙarƙashin sabon allo.

Lasifika ce kawai ta ci gaba da tsuwa.

Direba ya fito ya dubi sama, ya dubi Sarki. "Yallaɓai, ko dai tankina ya yi girma a hanya, ko gadarku ta tsuguna."

Sarki ya juya ga Mai Fenti. "Dattijo, ina ka samo lambar nan?"

"A tsohon allo, ranka ya daɗe."

"Shi kuma tsohon?"

"A wanda ya riga shi. Ni mai rubutu ne, abin da na tarar nake sabuntawa."

"Ba ka taɓa aunawa ba?"

"Na ɗauka ku kuka auna, tun da ku ne ofishin awo."

Waziri ya yi tari ya ce a yi hattara, kada a haɗa aiki. Kwamitinsu baƙi da tazara yake dubawa. Ita lambar ta wani ofishi ce daban, kuma a iya saninsa an rufe wannan ofishin tuntuni.

Gada ba ta tsuguna ba, jikokina, titi ne ya taso. Duk sanda zaɓe ya matso, masu girma sukan tuna da mu su aiko a zuba kwalta a ƙarƙashin gadar nan, don nan ne ake gani daga babban titi. Ba a taɓa kankare tsohuwa ba, sabuwa ake shimfiɗawa a kai, kamar yadda ake ƙara bargo. Mu da muke bi kullum ba mu lura ba, Mai Fenti da ke hawa tsani bai lura tsanin yana rage masa aiki ba, masu yatsa kuwa sama suke kallo. Kowa ya ba da gudummawarsa.

Direba ya goge wuya da tawul ya ce babu yadda zai yi, kaya sun sami rauni, dole ya ja da baya ya mayar kamfani a rubuta rahoto, a jira wani tankin da wata motar mai gajarta. Na ga idon Mai Fenti ya sauka a gwiwoyin matarsa ya kasa ɗagowa.

Maman 'Yan Biyu ta juya. Ta je rumfa ta ɗauko kujerar roba ɗaya, ina jin ta Waziri ce, ta kai ta bayan mota daidai taya, ta zauna ta gyara zane.

"Mama, ki tashi, baya zan yi."

"Yi mana, ɗan nan."

"Mama, don Allah."

"Na ga bayan tankin nan sau ɗaya yana tafiya, ba zan sake gani ba. Ka ce ba ka shiga gadar da ba allo, ga allo. Ka shiga. Abin da ya rage tsakaninka da gada ne, ni ina zaune."

Na ɗauko tawa kujerar na zauna kusa da ita, don ƙafata ma ta gaji. Matar mai aski ta kawo tata. Kafin a jima bayan motar nan ya zama zauren mata, har wata ta fara tsefe wa 'yarta kai. Jirgi ya zo ya wuce ta samanmu, fasinjoji na leƙowa. A bayanmu motoci sun yi layi suna ta oda.

Direba ya zagaya motarsa ya sake zagayawa. Baya ba hanya, gaba kuma motar za ta wuce, tanki ne kawai ba zai wuce a tsaye ba. Ya tsaya gaban Maman 'Yan Biyu ya ce, "Mama, kin fi kamfani taurin kai." Ya hau ya kwance igiyoyi, ya buɗe ƙyauren baya, ya ce mata su matsa gefe maza su matso. Maman 'Yan Biyu ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji ya sa giyar gaba. Ya sa, ta tashi. Motar ta soma rarrafawa gaba, gada ta riƙe tanki, tanki ya yi ta zamewa baya har ya faɗo a hannun mazan unguwa, Mai Fenti a tsakiyarsu da rigarsa marar ɗigo. Ashe abin ba shi da nauyin kirki, iska ce cike da shi. Suka kwantar da shi a gefensa.

A kwance kuwa ko rabin gadar bai kai ba. Maman 'Yan Biyu ta ɗora tafin hannu ta tura, ya mirgina. Muka sa hannu mu ma. Sarkin Tazara, da ya ga masu hoto sun juya masa baya sun bi tanki, ya tattare riga ya zo ya dafa shi da yatsu biyu har aka ɗauka, sannan ya koma inuwa. Muka gangara da shi ta gaban shagon aski da na mai yadi, yana gurnani kamar ganga, mata na turawa maza na gyara masa hanya. Direba ya jira muka wuce shi, ya biyo mu a baya da mota wayam, a hankali, har ƙofar gida. Ya sauko ya ce a shaida, shi dai a ƙofar gida ya tsaya kamar yadda aka umarce shi.

Da aka ɗora tanki a dakali, Mai Fenti ya shafa inda gada ta lotsa shi ya ce a hankali, "Da na ɗauki gora na auna tun farko."

Matarsa ta ce, "Da ka auna da sun ce gorar ta karkace. Je ka mayar mini da ƙyaure, Malam, awaki sun ishe ni."

Tanki yana nan a dakalinsa da lotsawa a kafaɗa, ba ya yoyo. Famfo ya zo a makon ya cika shi, Maman 'Yan Biyu ta daina tsallaka gada, kumburin ƙafarta ya saɓe, yanzu ni ce nake miƙa mata bokiti ta katanga. Auta ta zo ta sha ruwan ta ce da gaske yana da sanyi. Mai Fenti ya koma rubuta allunan shaguna, ya kuma sayi tef. Direba har yanzu yana aiki, amma an ce duk gadar da ya iso sai ya sauka ya dube ta da idonsa. Jami'a mai tabarau ta nemi canjin ofis. Waziri ya hau kujera, don Sarkin Tazara ya samu ƙarin girma saboda nasarar taron. Allo yana nan a goshin gada, babu kuskure ko ɗaya a rubutunsa, baƙi daga wasu unguwanni har zuwa suke su koyi yadda ake barin fili. Jiya kuma na ga an sauke tulin tsakuwa da gangunan kwalta a bakin gadar, don zaɓe ya matso.